Butar Kawu Mamuda

Kawu Mamuda ba ya shan ruwan sanyi. Ku da kuka zauna tare da mu a unguwar Zahir ta Makka a ƙarshen shekarun sittin, ba sai na rantse muku ba. A Makka, a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke riƙe takalmin mutum, tantabaru ma su laɓe a inuwa baki buɗe, shi sai ya ɗora 'yar butarsa ta ƙarfe a kan gawayi, ya jira ta tafasa, ya tsiyaya a wani farin kofi mai murfi, ya zauna yana kurɓa. Babu ganyen shayi, babu sukari. Ruwa ne tsura, yana tururi.

Inna, mahaifiyata, ita ce yayarsa, kuma a gidanta ya sauka. Tun ranar da ya sauka take yaƙi da butar nan.

"Mamuda, mutane suna faɗuwa a titi saboda zafi, kai kana ƙara wa cikinka wuta."

"Yaya, cikin ɗan Adam tukunya ce a kan murhu. Likitocin Sin sun tabbatar da haka tun kafin a kafa Kano. Wa kika taɓa gani yana girki yana kwara wa tukunya ruwan sanyi?"

"Ni. Da me kake tsammani nake talgen tuwon da kake ci?"

Ya ce wannan batun tuwo ne, shi kuwa a kan mutum yake magana. Ya ƙara gawayi.

Har Zamzam bai ƙyale ba. Wata rana Malam Habu, limamin ɗan masallacin layinmu, ya kawo masa shi a tulu daga Harami, ya yi sanyi ƙalau. Kawu ya yi godiya sosai, ya juye a buta, ya ɗora a wuta a gaban idon mai kyautar.

"Zamzam ɗin ma, Mamuda?"

"Albarkarsa ba ta ƙonewa, Malam. Da tana ƙonewa, da ranar garin nan ta gama da ita tun zamanin Nana Hajara."

Ga waɗanda suka zo daga baya suka tarar da labarinsa guntu-guntu, bari in jera shi. Kawu malamin firamare ne a Kano. Ya shiga harkar 'yan ƙwadago, a lokacin da ƙasashen gurguzu ke raba guraben karatu ta ƙarƙashin ƙasa. Abokansa suka zaɓi likitanci da aikin injiniya. Shi ya zaɓi harshen Sinanci da adabinsa. In aka tambaye shi dalili, sai ya ce layin ne ya fi gajarta, domin shi kaɗai ne a kai. Amma da ya je Pekin abin ya kama shi da gaske. Ya fara da koyon magana, ya wuce sashen adabi na jami'a, ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan ƙasa yana karanta tsofaffin waƙoƙin da su kansu sai an yi musu fashin baƙi. Ya kai shekarar ƙarshe. Abin da ya rage masa kawai jarrabawar baki ce: ɗalibi ya tsaya gaban malaminsa, ya kawo doguwar waƙa da ka, ya warware ta baiti-baiti.

Sai ƙasar ta birkice. Ɗalibai suka tasar wa malamansu, aka rufe jami'o'i, aka ce baƙi su koma gida sai an neme su. Malamin Kawu wani tsoho ne da bai taɓa faɗa mana sunansa ba; Lawshi kawai yake ce masa, wato malam. Ganin ƙarshe da ya yi masa, yana sharar tsakar makaranta ne da allon zagi rataye a wuyansa. Kawu ya matsa zai gaishe shi. Tsohon bai ɗago kai ba, ya ce: "Kada ka tsaya kusa da ni. Tafi. In an buɗe ka dawo, waƙar mai gishiri zan tambaye ka."

Gida kuma sojoji sun karɓi mulki, kuma mai fasfo da hatimin ƙasar gurguzu bai san abin da zai tarar a filin jirgi ba. Sai ya lallaɓo ta wata hanya ya shigo cikin alhazai, ya yi aikin Hajji, ya maƙale a wurinmu ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ya zo da buta, da kofi, da littafin waƙoƙi guda ɗaya da Lawshi ya ba shi, ɗinke a cikin matashin kai. Wani Bayamane mai shagon gahawa ya ɗauke shi aikin hura wutar tukunyar shayi, aikin da ban taɓa ganin wanda ya dace da mai shi kamarsa ba.

Saboda haka duk abin da kuka ga Kawu yana yi a Zahir, kuka ɗauka taɓin hankali ne, shirin jarrabawa yake yi. Tsoronsa ɗaya ne a duniya: kada a buɗe jami'a a kira shi, a tarar Sinancin ya zube.

Malam Habu ya taɓa zaunar da shi bayan la'asar, da nufin nasiha.

"Mamuda, me ya kai Musulmi ƙasar da ba a salla?"

"Malam, ba ku ne kuke karanta mana a zaure cewa a nemi ilimi ko da can ne ba? Kowa ya ce na'am ya koma gida ya kwanta. Ni na tashi na tafi."

"Ai malaman nan garin sun ce wannan hadisin bai inganta ba. Mai rauni ne."

Sai Kawu ya ce:

"Malam, wannan bayanin da a filin jirgin Kano ka yi mini shi."

Cikin shirin jarrabawar har da cin abinci. Ya ce hannun da ya manta riƙon tsinke zai manta riƙon alƙalami. Sai ya karɓo tsinkaye biyu wurin masu tsire, ya kankare su, ya riƙa yawo da su a aljihun gaba. Tuwo ya ba shi haɗin kai, don yana yankuwa. Miyar kuka ce ta ƙi. Ranar walimar auren ɗan mai gahawa aka kawo saliƙ, shinkafar nan ta mutanen Hijaz da ake dafawa da madara da romo har ta narke kamar fate. Muka kewaye faranti, kowa ya naɗe hannun riga. Kawu ya zaro tsinkayensa. Yana tsomawa, tana zamewa. Yana tsomawa, tana zamewa. Muka share farantin tas, shi bai kai ko loma ɗaya baki ba.

Uban ango ya ce, "Ya shaihu, ga cokali mana."

"Na gode, na ƙoshi. Dama kallo na zo yi."

A hanyar gida ya tsaya ya sayi gurasa, ya cinye ta a tsaye a bayan wata mota, ya ce in na faɗa wa Inna babu ni babu shi.

Sai maganar rubutu, wadda kuka fi yi wa dariya, kuma ita ce ta kashe shi, in ana son gaskiya.

Takarda mai rubutun Sin tana da haɗari a garin nan, don haka Kawu ya samo allo irin namu, ya dama tawada da baƙin gindin tukunya da ƙaro, ya ɗaura gashin akuya a bakin kara ya zama alƙalaminsa. Kullum bayan asuba sai ya hau soro, ya buɗe littafi, ya rera waƙar mai gishiri da wata murya mai hawa da sauka, sannan ya rubuta baitocin ranar a allo, daga sama zuwa ƙasa. Waƙar, kamar yadda ya bayyana mini, labarin wani mutum ce da ya ce wa matarsa ta ɗora tukunya, zai haye gada ya sayo gishiri a garin tsallake, yanzu zai dawo. Ruwa ya zo ya tafi da gadar. Ya tsufa a can da gishirinsa.

In ya gama sai ya wanke allon a tasa, ya bar ta nan, ya tafi aiki. Inna ce mai kwashe tasar. Ita kuwa, kamar kowace 'yar malamai, hannunta ba zai iya zubar da wankin allo a kwata ba. Rubutu ne, ko na wane ne. Sai ta riƙa juye shi a kwalba tana ajiyewa a bayan ƙofa, har Allah Ya kawo mafita.

Mafitar ta zo da ƙafarta. Hajiya Tasalla, maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa a bakin kasuwa, wadda ciwon gwiwa ya addaba, ta shigo ta ga kwalabe a jere.

"Wannan fa?"

"Rubutun Mamuda ne."

"Na Sin ɗin?"

Ta ɗauki ɗaya ta sa a mayafi. Bayan kwana kaɗan sai ga ta tana hawa tudun layinmu ba sanda. Daga nan kwalaben suka fara tafiya, har daga unguwar Aziziyya aka aiko nema. Inna ba ta sayarwa, tana dai jin daɗin an rage mata kaya.

Kawu bai sani ba sai ranar da zazzaɓi ya dawo da shi gida da hantsi. Ya tarar da mata a zaune a tsakar gida da kofuna, Hajiya Tasalla tana rabo.

"Me kuke sha haka?"

"Albarkarka, Malam."

Ya leƙa kofi ɗaya, ya shinshina, ya zauna a bakin ƙofa a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Hajiya, kin san abin da kika sha?"

"Ayoyin Sin."

"Waƙa ce. Labarin wani ne da ya je sayen gishiri gada ta karye. Wanda ya yi ta ma ko alwala bai iya ba."

"To, ni dai gwiwata ta saki."

"Ba za ta saki ba. Babu gwiwa a cikin waƙar, daga farko har ƙarshe."

"Malam, kai ka san abin da ka rubuta, ni na san abin da na ji. Gobe ka ɗan ƙara kauri, na jiya ya yi ruwa."

Mun yi dariya a ranar, har da Inna. Ba mu sake yi ba sai da aka daɗe. Magana ta kai kunnen umda, mai unguwarmu, dattijo mai sauƙin kai da ya san kowane gida da abin da ke cikinsa. Ya zo da kansa, ya ƙi zama.

"Ya Hajja, a garin nan rubutun sha ko da Larabci ne sihiri ake kiransa. Naku kuma da rubutun 'yan gurguzu ne. In aka zo bincike aka ga harafi ɗaya na wannan a gidan nan, ɗan'uwanki kurkuku zai tafi kafin a yi maganar jirgi. Ke da 'yan hayarki marasa iƙama kuwa sai Jidda, a tasa ƙeyarku gida. Ni ban ga komai ba yau. Gobe ban san wanda zai gani ba."

Da ya fita, Inna ta tashi. Ta ɗauki allon ta faskara shi da gatari. Sannan ta tsaya a ƙofar ɗakin Kawu.

"Mamuda, littafin."

"Yaya, na Lawshi ne. Aro ya ba ni."

"Akwai mai goyo a ɗakin baya. In aka kwashe su, kai za ka yi musu bayani."

Ya roƙi a binne shi, ta ce ana tonowa. Ya roƙi a kai wa wani ajiya, ta ce ya faɗi gidan da yake so a rusa a madadin namu. Ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito, littafin na hannunsa na dama, buta na hagu. Ya ce ba wanda zai taɓa, shi zai yi. Ya tsuguna a murhu, yana yagar shafi, ya karanta shi a hankali har ƙasa, sannan ya tura ƙarƙashin buta. Haka har bango. Ruwan ya tafasa. Ya tsiyaya a kofi, ya hura, ya kurɓa, ya dubi Inna.

"To, Yaya, ni ma yau na sha rubutun Sin. Mu ga ko gwiwata za ta saki."

Daga ranar ya koma rubutu da ruwa. Zai tsoma alƙalamin gashin a kofi, ya zana harafi a kan daɓen soro, rana ta shanye shi kafin ya kai ƙarshen layi. Ya ce wannan ita ce takardar da ta fi kowace aminci a Makka, ko umda ba zai kama ta ba. Sai dai babu inda zai duba in ya yi shakka. Harafin Sinanci kuwa kowane ɗaya kalma ce sukutum, da zanenta na kanta. In ya tafi, ba a haɗo shi da baƙi da wasali.

Suka fara tafiya. Ni a lokacin ina aikin sanarwa, kuma duk Hajji ni ke riƙe lasifikar Hausa a tantin ɓatattun alhazai a Mina, shi ya sa yake ce mini Mai Lasifika. Sai ya sauko daga soro da safe, ya tsaya a kaina ina karin kumallo.

"Mai Lasifika, akwai sanarwa."

"Ta me, Kawu?"

"Ta rasuwa. Allah Ya yi wa harafin gada rasuwa yau da asuba, bayan gajeriyar jinya. Ya bar zanen itace a gefensa na hagu. Abin da ke dama ba a san inda ya shiga ba."

Da farko muna amsa masa da ta'aziyya, har Hajiya Tasalla ta taɓa tambaya ko za a yi sadakar uku. Daga baya sanarwar ta yi yawa, shi ma ya daina sa mata gishiri. Sai dai ya sauko ya ce, "Biyu yau," ya wuce gahawa.

Abin da yake nema shi ne mutum ɗaya mai jin harshen. A shekarun nan alhazai sun daina zuwa daga Sin. Duk da haka in Hajji ya zo, Kawu yakan bi layin tantuna yana leƙen fuskoki. Ya gai da mutanen Jawa da Sinanci, suka yi masa murmushi. Ya gai da Buhariyawa, suka ba shi gurasa. Wani ɗan Malaya ya ɗauka bara yake yi.

A Hajjinsa na ƙarshe, ranar jifa ta biyu da hantsi, ina tanti ina kiran sunan wata tsohuwa 'yar Katsina da ta ɓace wa ayarinta, sai ga shi da butarsa.

"Mai Lasifika, ara mini bakin nan naka."

"Kawu, kai ba iƙama, ka hau lasifikar hukuma da harshen gurguzu?"

"Wa zai gane? Askar ɗin can mai gadi zai ɗauka Fulatanci ne."

"Me za ka ce?"

"Abin da kake cewa. Ga wani ya ɓata, mai shi ya zo ya ɗauka."

Na miƙa masa. Ya gyara tsayuwa, ya yi magana a hankali, kalma-kalma, muryarsa tana hawa tana sauka a kan tantunan Mina. Ya maimaita. Askar ɗin bai ko waiwayo ba. Kawu ya koma gefe ya hura gawayi, ya ɗora buta, ya zauna.

Ruwan bai kai ga tafasa ba sai ga wani tsoho gajere mai farin gemu ya kutso tantin, yana haki, takalminsa ɗaya a hannu. Basine ne. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya leƙa bayan Kawu, ya ɗaga labulen tanti ya duba waje. Sannan ya tambaye ni da Larabci ina mutumin ƙasarsu da ya yi magana yanzu.

Kawu ya miƙe, dogo baƙi har kansa na taɓa rufi, ya rusuna, ya amsa masa da Sinanci.

Tsohon ya saki takalmin. Ya kama hannun Kawu da hannu biyu yana kuka yana zuba magana, Kawu yana amsawa, wani wurin su fahimci juna, wani wurin su tsaya su sake. Sunansa Alhaji Yunusa. Ya gudo daga arewa maso yammacin Sin tun lokacin da 'yan gurguzu suka ci ƙasar, ya zauna a Ɗa'ifa yana murza taliya. Kawu ya tsiyaya masa ruwan zafi a kofi mai murfi. Tsohon ya karɓa, ya hura, ya kurɓa, bai tambayi ina ganyen shayi ba. Kawu ya waiwayo ya dube ni.

"Ka gani? Ka faɗa wa uwarka."

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba, kuma bai daɗe ba. Ya jawo akwatin lemo ya zaunar da tsohon. Ya koma baya, ya gyara wuyan riga, ya sauke hannuwa a gefe kamar ɗan makaranta. Ya ce mini in yi shiru, jarrabawa za a yi.

Ya fara waƙar mai gishiri. Ni ba na jin ko kalma, amma na yi shekaru ina jin ta daga soro, na san hawanta da gangararta. Ta tafi sumul. Ɓatattun alhazan da ke tantin suka yi tsit, wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana amin. Ya wuce inda aka ɗora tukunya, ya wuce inda ruwa ya zo. Sai ya tsaya.

Ya koma baya kaɗan, ya sake tahowa, ya tsaya a wurin. Ya zana wani abu da yatsa a tafin hannunsa, ya goge. Ya tambayi tsohon. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya amsa da Larabci, ina jin don kunya ta hana shi faɗa da harshensu.

"Ɗana, ni ban shiga makarantarsu ba. Allo na yi a masallaci, sai kiwon alfadarai. Harafinsu ko ɗaya ban sani ba. Waƙar nan yau na fara jin ta."

Na ce, "Kawu, me ya ɓace?"

"Inda mutumin ya tsaya a bakin kogi ya ƙwala wa matarsa kira. Na san abin da ya ce mata. Da Hausa ina da shi: ki sauke tukunyar. Na Sinancin ne babu."

Na fassara wa tsohon. Fuskarsa ta washe, ya faɗi wata gajeriyar magana da sauri, yana nuna sauke tukunya da hannu.

Kawu ya girgiza kai. "Wannan na kicin ne, Baba. Haka kake ce wa yaronka. Mai waƙar da tsohon harshe ya faɗa, ya sa kuka a ciki."

Tsohon ya tashi ya dafa kafaɗarsa, sai da ya yi ɗage.

"Ka ci, ɗana. Wallahi ka ci. Ni shaida ne, ko a gaban wa."

"Na gode, Baba. Amma wanda bai san inda aka tsallake ba, ba ya cewa an ci."

Alhaji Yunusa ya roƙe shi ya zo Ɗa'ifa, akwai 'yan gidajensu a can, za a yi hira, za a ci taliya da tsinke na gaske. Ya ce a cikinsu ma babu mai karatun waƙa, masu karatu ba su fito ba, amma ana gaisawa. Kawu ya ce in Allah Ya so. Ya ba shi kofin mai murfi kyauta, tsohon ya ƙi, ya nace, ya karɓa. Ni kuma na koma kan lasifika, domin har lokacin ba a ga tsohuwar Katsina ba.

Da muka dawo Zahir bayan an watse daga Mina, Inna ta hango mu daga ƙofa. Ta san halin ƙanenta, ta riga ta karɓi butar ta ɗora a wuta kafin ya cire takalmi. Ya zauna a tabarma yana kallonta.

"Yaya, sauke butar. Ba ni na tulu."

Inna ta tsaya da mafici a hannu. Wannan ce maganar da ta yi shekaru tana jira.

"Ka bari ya tafasa mana. Saura kaɗan."

"Sauke."

"Ba ka ce ciki tukunya ce ba? Ba likitocinku suka faɗa ba?"

Ya tashi da kansa ya ɗebo a tulu, ya shanye moɗa guda a tsaye, ya ce, "Ashe da daɗi." Inna ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Butar ta yi ta tafasa ita kaɗai har ruwan ya ƙone, ni na sauke ta.

Bai sake hawa soro ba. Bai je Ɗa'ifa ba. Tsinkayen ma na gan su a murhu. Ya zama mutum kamar kowa, yana cin tuwo da hannu, yana gaisuwa da Hausa, har Malam Habu ya ce Alhamdu lillahi, Mamuda ya samu lafiya. Kafin wani Hajjin ya zagayo ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kuma bai yi wata gardama da shi ba. Hajiya Tasalla ta rantse ruwan sanyi ne ya kashe shi, layi gaba ɗaya ya yarda. Wato bayan ransa ya ci gardamar da ya kasa ci yana raye. Ranar da za a yi masa wanka, Inna ta tare masu wankan a ƙofa, ta ce ba za a taɓa shi da ruwan tulu ba, su jira. Ta ɗora butarsa, ta sirka da hannunta.

Bayan wasu shekaru na ji a labaran duniya an buɗe jami'o'in Sin, ana kiran ɗalibai baƙi su koma. Ban faɗa wa Inna ba. Ban san ko Lawshi ya kai ranar ba, ko ya tsaya a bakin aji yana duba hanya.

Allah Ya jiƙan Kawu Mamuda, Ya gafarta masa taurin kansa, Ya sa tambayar kabari ta zo masa da sauƙi, kada baiti ko ɗaya ya ɓace masa a can. Ya jiƙan Inna da ta raba shi da littafinsa don ta tsare mutanen gidanta, ba ta kuma yafe wa kanta ba. Allah Ya shayar da su daga tafkin Alkausara. In Kawu ya nemi a ɗan ɗumama masa nasa, ya Rabbi, a ɗumama masa. Amin.